Martani: Rana Tana Tafiya, Amma Juyawar Ƙasa Ke Kawo Dare da Yini

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa ya rubuta a kan tafiyar rana, wadda ake ta ja-in-ja a kanta a majalisun Jibiya. Malam ya girka tukunyarsa a kan duwatsun murhu uku. Na farko shi ne ido: duk wanda ya tsaya a bakin iyakar Magama da sassafe zai ga rana ta ɓullo ta wajen Katsina, da almuru ta faɗa ta wajen Zamfara, ƙasa kuwa ko gezau, kuma gani ya kori ji. Na biyu aya ta 38 ta Suratu Yasin, wadda ta ambaci gudun rana. Na uku da'awarsa cewa masu ilimin boko sun ce rana a tsaye take cak. Da ya haɗa ukun sai ya yanke hukunci cewa ƙasa ce a kafe, rana ke kewaya ta kullum, kuma abin da ake koya wa yaranmu a makaranta ƙaryata Alƙur'ani ne. Kishin malam abin yabo ne, kuma ya yi gaskiya da ya ce rana tana tafiya. Inda ya zame shi ne wajen tantance wace tafiya ce take yi, domin wadda ya gani daga Magama ba tata ba ce.

Bari mu fara da dutse na uku, don shi ne mafi rauni. Babu masanin falaki a yau da yake cewa rana a tsaye take. Wanda ya faɗi haka shi ne Kofanikus, mutumin Folan, a littafinsa na 1543, kuma tun ba a je ko'ina ba aka fara gyara masa. A 1613 Galileo ya wallafa bayanin baƙaƙen tabon da ke fuskar rana, ya nuna suna gusawa daga gefe zuwa gefe saboda ranar tana juyawa a kan kanta. Yau an san tsakiyarta kan kammala juyi a kwana 25, sassan da ke kusa da ƙuryoyinta kuma a wajen kwana 35. A 1687 Newton ya nuna cewa kamar yadda rana ke jan duniyoyin da ke kewaya ta, su ma suna jan ta, musamman Mushtari, har takan yi ɗan rangaji. A 1783 William Herschel ya bi gusawar taurari ya gano cewa rana da ayarinta sun nufi wani sashe na sama. A 1927 Jan Oort ya tabbatar da cewa gungun taurarin da muke ciki, wato farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Larabawa ke kira Majarra, yana juyawa gaba ɗayansa. Rana tana cikin wannan juyi da gudun da ya kai kimanin kilomita 230 a kowace daƙiƙa, kuma zagaye guda kan ci mata shekara wajen miliyan 230. Ashe malam yana kokawa ne da wanda ya bar fage tun shekara ɗaruruwa. Abin da ya rage na wancan tsohon ra'ayi shi ne zanen allon firamare, inda ake ɗiga rana a tsakiya a zagaye ta da da'irori don sauƙaƙa wa yaro. In akwai malamin makarantar da ya ce wa ɗalibansa rana ba ta motsi sam, to shi ma gyara yake buƙata, kuma littafin kimiyya ne zai gyara shi.

Sai dutse na farko, wato ido. Duk wanda ya ce abu yana tafiya, sai an tambaye shi: in an gwada shi da me? Mutanen Jibiya sun fi kowa sanin wannan, don kullum manyan motoci na jere a bakin shingen kwastan suna jiran a sallame su. Yaron mota da ke zaune a cikin tirela, wata tirelar na daf da tasa ta tare masa ganin komai, da zarar ta kusa da shi ta fara silalewa gaba sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka tasu ce ke komawa baya. Ba zai san gaskiya ba sai ya leƙa ya ga turken wuta ko rumfar mai shayi. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, domin tazarar da ke tsakanin motocin biyu ta canja. Abin da ido bai iya faɗa masa ba shi ne wace ce ta motsa. Haka lamarin yake tsakaninmu da rana, sai dai a sarari babu rumfar mai shayi da za a leƙa. Ko rana ce ke yin yamma, ko ƙasa ce ke juyawa gabas, hoton da mutumin Magama zai gani ɗaya ne. Hatta abin da kowa ya sani a watan azumi, cewa mutanen Maiduguri kan riga na Jibiya shan ruwa da minti ashirin da wani abu, na Sakkwato kuma su biyo baya, bai raba wannan gardama ba, don kowane ɓangare na iya fassara shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan mudun ake buƙata. Idon nan ne dai yake ganin tafkin ruwa a kan kwaltar Katsina da tsakar ranar bazara, a matsa kusa a tarar da kawalwalniya.

Malam ya kawo hujjar da ya ɗauka ba ta da amsa: in ƙasa na juyawa, me ya sa ba ma ji, me ya sa ruwan madatsar Jibiya ba ya malalewa, kuma yaya tsuntsun da ya tashi yake komawa sheƙarsa? Gudun kam ba kaɗan ba ne. Jibiya tana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka juyawar ƙasa na tafiya da ita gabas da kusan kilomita 1,630 a awa. Sai dai jikin mutum ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Alhazan da ke tashi daga filin jirgin saman Katsina zuwa Jidda suna jin fizga lokacin tashi da lokacin sauka, amma da jirgi ya daidaita a sama, yana keta kilomita 800 da ɗoriya a awa, sai a zuba musu shayi a kofi ya zauna lafiya lau, ƙudan da ya shigo tare da su kuma ya ci gaba da shawagi bai manne a bayan jirgi ba. Dalili shi ne jirgin da iskar cikinsa da shayin da ƙudan duk tafiya ɗaya suke yi. Ƙasa ba ta taka birki, ba ta faɗa rami, kuma tana tafe da iskarta da ruwanta da tsuntsayenta. Ƙari a kan haka, juyi ɗaya take yi a yini da kwana, wato rabin saurin gajeren hannun agogo, wanda ke zagayawa sau biyu. Wa ya taɓa jin jiri don kallon gajeren hannun agogo?

To ina mudun? Na farko yana kan rufin gidajenmu. Mai ɗaura farantin setilayit yakan juya shi har hoto ya fito, ya ɗaure noti, farantin ya shekara yana kallon wuri guda. Tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo, irin NigComSat-1R na Najeriya da aka harba daga Sin a Disamba 2011, yana nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Babu igiyar da ta rataye shi, babu turken da ya tokare shi. Abin da ya hana shi faɗowa shi ne gudun kewaya da yake yi, kimanin kilomita 3 a daƙiƙa, kuma an zaɓi wannan nisa ne don a nan zagayensa ke daidai da juyin ƙasa guda, shi ya sa muke ganinsa kamar a tsaye. In da ƙasa a kafe take, to tauraron ma a kafe yake ke nan, kuma ƙarfe mai nauyin tan biyar da ba ya motsi a sama makomarsa ƙasa. Duk wanda ya kalli wa'azi ta wannan faranti ya ci moriyar juyawar ƙasa, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba. Mudu na biyu shi ne lilon da Léon Foucault ya rataya a Faris a 1851, dunƙulen ƙarfe mai kilo 28 a jikin waya mai tsawon mita 67. Babu mai taɓa shi, amma layin da yake lilo a kai ya riƙa karkata da digiri 11 a kowace awa, domin daɓen ginin ne ke juyawa a ƙarƙashinsa. Lissafin ya faɗi yadda abin zai kasance a kowane gari, kuma a Jibiya karkatar ba za ta wuce digiri uku da 'yan kai a awa ba, sai ta yi kimanin awa 106 kafin ta zagayo. Ga fili ga mai doki: waya da dunƙulen ƙarfe da dogon gini kawai ake nema. Mudu na uku manomi ya san shi. Iskar hunturu da ke taso mana da ƙurar Sahara tana zuwa ne daga arewa maso gabas, iskar da ke ɗauko laimar damina daga teku kuma daga kudu maso yamma. Juyawar ƙasa ce ke kautar da su zuwa damansu a wannan rabi na arewa, kuma a kudancin duniya hagu suke karkata.

Mu kuma auna abin da ra'ayin malam yake nema a gaskata. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, haskenta kan yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. Faɗinta ya ninka na ƙasa sau 109, nauyinta ya ninka sau 333,000. In ita ke kewaya mu kullum, sai ta share kilomita sama da miliyan 940 a awa 24, wato kusan kilomita 11,000 a daƙiƙa. Kuma ba ita kaɗai ke fitowa gabas ta faɗi yamma ba, wata da Zara da yawancin taurari haka suke yi. Duniyar Neftun, mai nisan kilomita biliyan huɗu da rabi, sai ta fi haske gudu kafin ta cika zagayenta na kullum, alhali haske na yin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Taurari kuwa, wanda ya fi kusa da mu bayan rana sai haskensa ya shekara huɗu a hanya. Sai mu ce duk waɗannan halittu, na kusa da na nesa, sun daidaita sawu suna zagaya mu a lokaci kusan guda, ko kuwa mu ce ƙasa ce ta juya sau ɗaya? Babu mai shakkar ikon Allah a kan ko wanne. Tambayar ita ce wanne ne Ya tsara, kuma wannan ana gane shi ne ta duban abin da Ya halitta. Abin da aka gani ko'ina a sama shi ne ƙarami ke kewaya babba: wata na kewaya ƙasa, watannin Mushtari huɗu da Galileo ya hango a 1610 suna kewaya Mushtari.

Tafiyar shekara ma haka take. A Jibiya rana kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, lokacin da inuwar turke ke shigewa ƙarƙashinsa da zawali. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar azahar kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa. Taurarin kaza da 'ya'yanta sukan ɓace a yamma gab da faɗuwar damina, su sake ɓullowa a gabas da asuba bayan 'yan makonni. Masana sun ce ƙasa ce ke kewaya rana a karkace da digiri 23 da kusan rabi, tana gudun kilomita 30 a daƙiƙa. Malam zai ce a'a, rana ce ke hawa arewa tana gangarowa kudu, kuma da inuwa kaɗai ba za a kayar da shi ba. Taurari ne suka raba gardamar. Miƙa babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. In ƙasa na sauya wuri tsakanin Janairu da Yuli, dole taurarin kusa su yi irin wannan tsalle a kan na nesa. Magabata sun nemi wannan alama ba su gani ba, shi ya sa suka tsaya a kan cewa ƙasa ba ta motsi, kuma a zamaninsu hujja ce mai ƙarfi. A 1838 Friedrich Bessel ya auna wannan gusawa a jikin wani tauraro da na'urar hangen nesa, kuma kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya auna ta ga taurari fiye da biliyan ɗaya. Hujjar da magabata suka jira ta iso bayan sun wuce.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin daidaiton wannan lissafi. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi cikakken husufi a kan Gusau da Katsina da Maraɗi, Jibiya na tsakiyarsu, gari ya yi duhu na 'yan mintoci. Shekaru kafin ranar an riga an zana hanyar da inuwar wata za ta bi, daga Brazil ta ratso Ghana da Togo da Binin da Najeriya da Nijar da Libiya har Turkiyya da Mongoliya, kowane gari da mintinsa. Malam na iya cewa mutanen Babila ma suna hasashen husufi alhali sun ɗauka ƙasa a tsaye take. Gaskiya ne, sun gane cewa husufi na maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 11. Amma faɗin garin da inuwa za ta rufe da wanda za ta tsallake sai a zamanin Newton, lokacin da Edmond Halley ya zana taswirar husufin 1715 a kan Ingila. Wani abin lura kuma, da masanan zamani suka koma kan husufan da irin su Ibn Yunus suka rubuta a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, sai suka ga lissafi ba ya cika sai an yarda cewa juyin ƙasa na raguwa a hankali, yini na ƙara tsawo da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowace shekara 100. Daga 1972 zuwa 2016 an ƙara daƙiƙa guda a agogon duniya har sau 27 don a daidaita shi da juyin ƙasa. Abin da ba ya juyawa ba a auna raguwar juyinsa.

Saura dutse na biyu, wanda ya fi nauyi a zuciyar kowane Musulmi. Ayar Yasin ta tabbatar wa rana gudu, haka aya ta 33 ta Suratul Anbiya ta ambaci iyo a falaki, kuma mun ga babu masanin da ke musun tafiyar rana. Amma ayar ba ta ce gudun kewaya ƙasa ne ba. Wannan ƙarin fahimtar malam ce. Ibn Kasir ma ya kawo fassara biyu a kan matabbatar da ayar ta ce rana ta nufa, ɗaya ta wuri, ɗaya ta lokaci, wato ƙarshen wa'adinta. Ambaton fitowar rana da faɗuwarta kuwa magana ce da mutane bisa abin da suke gani, kuma malamanmu sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida. Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu kowane azumi, da ya zo kan labarin Zulƙarnaini a aya ta 86 ta Suratul Kahfi, ya bayyana cewa faɗuwar rana a cikin marmaro a ganin ido ne, don rana ta fi duniya girma. Wanda ya karɓi wannan bayani a Kahfi ba shi da dalilin ƙin sa a wani wurin. Direba ma yakan ce Maraɗi ta matso, ba wanda ya taɓa ce masa maƙaryaci. Na san malam ba shi kaɗai ba ne, domin manya irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz sun yi rubutu suna ƙarfafa tsayuwar ƙasa. Ijtihadi ne na malami mai daraja, wasu malaman kuma ba su bi shi a kai ba. Tun gabaninsa da ƙarnoni, al-Biruni ya tattauna yiwuwar juyawar ƙasa bai ɗauke ta kafirci ba, kuma Ali Ƙushji, wanda ya rasu a Istanbul a 1474, ya nuna cewa abin da ido ke gani bai isa ya kore ta ba. Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana masu gaggawar cewa ayar Yasin tana nufin zagayen shekara miliyan 230 ne kai tsaye. Su ma sun ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ya tabbata shi ne babu karo tsakanin ayar da abin da aka auna, kuma wannan ya wadatar.

Abin da ya sa ban bar maganar ta wuce ba shi ne yaranmu. Yaron da aka ce wa sai ya zaɓi ɗaya tsakanin Alƙur'ani da darasin kimiyya, ko dai ya guji makaranta, ko kuma ranar da ya ga hujja da idonsa ya fara shakkar malaminsa na allo, kuma duka biyun asara ce. Alhali babu hukuncin ibada ko ɗaya da juyawar ƙasa ta taɓa. Zawali na nan, inuwar la'asar na nan, kuma da wannan lissafin ne aka san cewa ranar 27 ko 28 ga Mayu, da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, rana na tsaye a kan Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a Jibiya ya fuskanci alƙibla. Ƙasar Katsina ba baƙuwar wannan ilimi ba ce, ita ta haifi Muhammadu al-Kashnawi, masanin hisabi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741. Jikokinsa sun fi cancanta da su riƙe ma'auni da su tsaya zargin masu awo. Saboda haka, malam, ka riƙe rabin maganarka da ya inganta, ka saki rabin da bai inganta ba. Rana tana juyawa a kan kanta, tana kuma gudu a falakinta da mu da sauran ayarinta. Ƙasa na kewaya ta sau ɗaya a shekara, tana juyawa sau ɗaya a kwana, kuma wannan juyi ne yake fito da rana ta wajen Katsina ya kai ta Zamfara. In akwai sauran shakka, a rataya lilo a auna. Allah Shi ne mafi sani.